Butar Gidan Wanka da Kwanon da Aka Ware Mini

Aji huɗu na yi a makarantar boko. Na biyar ɗin na sa masa ƙafa ɗaya ke nan mahaifina ya ce ya isa haka, igiya ba ta jin Turanci, ya zaunar da ni a rumfarsa ta igiya da tabarmi, inda nake har yau da furfurata. Amma aji huɗun nan bai tafi a banza ba. A majalisarmu ta Unguwar Rogo ni ne ɗan boko. Ni ake kawo wa kwalin magani in karanta, abin da na gane in faɗa, wanda ban gane ba in cike shi da abin da ya dace, kuma har yau ba wanda ya mutu a hannuna. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san abin da ya same ni damanar bara ba jahilci ya jawo shi ba, ilimi ne.

Mu shida muke ciyayya a ƙofar gidan abokina mahauci, tun gemunmu yana baƙi. In an sallame magariba kowa ya sa a fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma, a jera kwanonin a tsakiya, a buɗe ɗaya mu taru mu cinye, a jawo na gaba. Tabarmar tawa ce, kyauta na bayar, kuma nakan tuna musu lokaci zuwa lokaci. Kafin a sa hannu akan zagayo da ƙwarya ɗaya ta ruwan wanke hannu, babba ya fara tsomawa, a bi shekaru har a kai ga ƙarami. Ni ne babba. Wata bakwai na ba mahauci, ko da yake shi cewa yake yi lissafin mahaifiyata ne, ita kuwa ko aji ɗaya ba ta yi ba.

Tun da mai ɗakina ta rasu matar ɗana ke yi mini tuwo, kuma tana ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka. Sai dai in aka ce in zauna a ɗaki in ci ni kaɗai, loma uku nake yi in ture kwanon. A tabarmar nan kaɗai abinci yake samun hanyar cikina. Ban taɓa gaya wa ko ɗayansu ba, don mahauci zai shekara yana tsokanata da zancen.

To, damanar bara cikina ya ɓaci sau uku. Na ukun ya kayar da ni har sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Ɗiyata ta fari a asibiti take aiki, a ɗakin da ake duba jini da bayan gidan mutane. In an tambaye ni aikinta nakan ce likita ce, in yi maza in sauya magana. Da na ɗan samu ƙarfi ta zo ta zauna a bakin gadona, ta ɗauko wata murya da ban san ta da ita ba.

"Baba, in kana kasuwa ina kake zagawa?"

"Wagga wace irin tambaya ce tsakanin ɗiya da ubanta?"

"Ta asibiti ce."

"Gidan wanka da ba-haya na bayan 'yan fawa. Tun ba ki san hanyar makaranta ba can nike zuwa."

"In ka fito kana wanke hannu da sabulu?"

Nan na gyara zama, don an zo fagena. Na yi mata bayani yadda ake yi wa ɗalibi. Allah ya ba mutum hannu biyu, kowanne da aikinsa. Hagu shi ke kama ruwa, shi ke ganin abin da ba a faɗi, saboda haka in an fito shi ake goga wa a ƙasa ko a jikin bango, a zuba masa ruwa har ya yi tas. Dama kuwa mai daraja ne, na cin abinci da gaisawa, bai je ko'ina ba, bai taɓa komai ba. Buta kawai ya riƙe ya zuba. Wanda bai yi laifi ba, a kan me za a hukunta shi da sabulu?

"Butar wa ya riƙe?" in ji ta.

"Ta gidan wanka mana."

"Wanda ya riga ka shiga, da ya gama, da wane hannu ya ɗauko ta ya fito?"

Na shiga sosa gemu. Ta shiga yi mini bayanin ƙwayoyin cuta, wai ido ba ya ganinsu, wai suna zama a marikin buta da sakatar ƙofa suna jiran hannu. Na ce mata na san su tun kafin a haifi uwarta. Malaminmu na aji huɗu ya taɓa zana mana ɗaya a allo, da ƙafafu kamar na kyankyaso, girmansa ya kai faifai. Da irin wannan yana kan buta da na gan shi. Ta tattara jakarta ta tafi. Na ɗauka na yi nasara.

Ashe kafin ta fita ta ba matar ɗana ƙullin shuni da umarni. Washegari da hantsi na zaga bayan gida da butata, na fito, na wanke hagu yadda na saba, na tafi harkokina. Kafin azahar matar ɗana ta kawo mini madubi, tana ta danne dariya da gefen mayafi. Gemuna shuɗi. Goshin hulata shuɗi. Gefen hancina, carbina, kunnen rediyona, goron da na gutsura na mayar aljihu, har da leɓena na ƙasa. A marikin butar aka shafa shunin, kuma hannun dama, mai darajar nan da bai je ko'ina ba, shi ya yi yawo da shi ya raba wa kowa. Hagu kuwa fes, kamar na jariri.

Na daɗe ina kallon hannayen nan biyu. Shekara saba'in da ɗoriya ina zargin ɗaya ina girmama ɗaya.

Da na koma kasuwa na ce sai na bincika da kaina, don ɗan boko ba ya karɓar magana haka nan. Gidan wankan namu ba wani abu ba ne: ɗakuna ne a jere masu ƙofar kwano, kowacce da sakata, da duro biyu na ruwa a tsakar wurin, da tarin butocin roba, wasu ba murfi, wata an ɗaure marikinta da waya. Mai gidan wankan yana zaune a bakin ƙofa a kan benci da rediyonsa. Na zauna kusa da shi na ce ƙafata ke ciwo, zan huta.

Abin da na gani ya ƙara rikita ni. Wajen shiga kowa da ladabinsa, buta a hagu, ƙafar hagu a gaba. Wajen fitowa ne babu doka. Wani ya fito da ita a hagu, hagun da ya gama aiki yanzun nan. Wani a dama, don hagu yana riƙe da bakin riga. Wani ya rataye ta a ɗan yatsa yana amsa waya. Wani dattijo mai kamala, da rawaninsa, ya fito ya tsoma butar gaba ɗaya a cikin duro don ya cika wa na baya, butar da gindinta ya zauna a daɓen ɗakin. Ladan aikin yake nema, kuma ina fata ya samu. Sannan duk wanda ya fito sai ya tsuguna ya wanke hagu da kyau, wani har da yashi, ya yarfe, ya miƙe, ya miƙa wa mai gidan wanka dama su gaisa. Shi kuma ya ɓare goro da wannan hannun ya miƙo mini ɓari. Na ce ina azumi. Ranar Laraba ce, ya dube ni, ya jefa goron a bakinsa.

Sai na ce bari in gwada yin abin daidai. Na shiga na fito, na tsuguna da gutsuren sabulun da na taho da shi. Na riƙe buta da dama na wanke hagu. Madalla. Yanzu saura dama. Na karɓi butar da hagu na wanke dama. To amma hagu ya taɓa marikin, ya koma gidan jiya. Na mayar da butar dama don in sake wanke hagu, dama kuma ya ɓaci. Na yi ta miƙa butar nan daga hannu zuwa hannu kamar mai rarrashin jinjiri, ruwa ya ƙare, na sake cikowa a duron da na ga abin da na gani. Har na gwada matse ta tsakanin gwiwoyina in karkata, ta jiƙa mini wando.

"Baba, lahiya?" in ji mai gidan wanka. "Ko wata sabuwar alwala anka hiddo?"

"Bincike nike yi."

"To a bar wa mutane ruwa."

Na miƙe ke nan, hannayena a sama kamar wanda za a yi wa awon riga, sai ga mahauci ya buɗe ƙofar ɗaki na uku ya fito. Ya wanke hagu, ya yarfe, ya hango ni, ya taho da fara'arsa da hannun dama a miƙe. Na ga hannun nan ya zare sakata. Na ga ya riƙe butar mai waya. Kafin in yi tunani na dunƙule hannuna na miƙa masa wuyan hannu.

Wanda ba ɗan nan ba ne sai na yi masa bayani. In hannunka ya ɓaci, ko da jini, ko da man inji, ko kana cikin cin abinci, aka miƙo maka hannu, ba ka ƙin karɓa. Sai ka dunƙule naka ka ba da wuyan hannu, mutum ya kama nan. Ma'anarsa ita ce nawa ne ba kyau, ina kare ka. Ladabi ne. Shi kansa mahauci haka yake gaisawa da rabin garin nan in yana kan aiki.

Ya kama wuyan hannuna ya girgiza. "Mi ka taɓa, ɗan boko?"

"Shuni," na ce, na buɗe masa tsakanin yatsuna inda sauransa ya maƙale.

"Rini ka koma da tsuhwanka?" Ya yi dariya ya wuce.

Na tsaya ina mamakin kaina. Ban taɓa tafinsa ba, bai ji haushi ba, har ma ni na fito a mai ladabi. Na ce lallai wanda ya yi aji huɗu ya yi. Daga ranar na mayar da abin ɗabi'a. A masallaci wuyan hannu, a rumfa wuyan hannu, a wurin ta'aziyya wuyan hannu. Na sayi sabulun soda, irin wanda ake wankin kaya da shi, don na ga ya fi ƙarfi, na yanka na sa a aljihu. In na taɓa ƙofa in wanke, in na karɓi kuɗin ciniki in wanke, in na manta ko na wanke in sake wankewa. Cikin mako biyu bayan hannuna ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka, fatar tsakanin yatsu ta fara saɓulewa, ga ƙaiƙayi. Na ce alamar ƙwayoyin suna mutuwa ne.

A wurin ciyayya na gode wa Allah da ya sa ni ne babba, ni ke fara tsoma hannu a ƙwarya tun ruwan yana da mutunci. Sai dai na kasa daina kallon yadda yake komawa in ya kai hannu na shida. Cikin kwano kuma na ja wa kaina iyaka. In yanki tuwo daga gefena, in gina ɗan bango tsakanina da tela da ke kusa da ni, in dangwali miya a inda ba yatsan da ya riga ni. Miyar sure ta gidan mahauci, wadda da nake suɗe kwanonta, na koma ina taɓa ta kamar mai tsoron kunama. Ina ganin suna kallon juna, na ɗauka burge su nake yi.

Wata ranar Lahadi na iso bayan magariba na tarar an riga an zauna. A can gefen tabarma, wajen da ake ajiye takalma, an ajiye wata 'yar langa da murfinta, da cokali a kai, da kofin ruwa daban.

"Ga naka nan, Malam," in ji mahauci. Bai ce ɗan boko ba. Bai dube ni ba.

"Sannu, Malam," in ji tela. "Ya jikin?"

"Wane jiki?"

"A'a, jiki dai. Allah shi ƙara sauƙi."

Aka zagayo da ƙwarya, aka fara daga mahauci. Ladanin masallacinmu, wanda shi ne ƙaraminmu, ya yi gyaran murya ya ce cuta ba mutuwa ba ce, kuma Allah yakan jarrabi bawan da yake so. Tela ya laluba aljihu ya fiddo wani ɗan gwangwani ya turo mini da bakin sandarsa. Man kaɗe ne da farar wuta, wai surukarsa ta haɗa, safe da yamma ake shafawa.

Sai a lokacin lissafin ya fito mini, ni da nake ɗan boko. Mutum ya yi mako uku ba ya ba kowa tafin hannunsa. Hannun ya yi fari yana saɓa. Yana susa. Yana gina bango a cikin tuwo don kada yatsunsa su haɗu da na mutane. Me za a ce? Wuyan hannu ai ma'anarsa ɗaya ce, nawa ne ba kyau. Ni na yi ta shelar haka a masallaci da kasuwa, su kuwa suka gaskata ni. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na buɗe baki zan ce lafiyata ƙalau, sai na hango tambayar da za ta biyo baya. In lafiyarka ƙalau, don me kake ɓoye hannu? Amsar ita ce don naku nake gudu. In dubi mutum biyar da muka binne iyayen juna, in ce musu na zauna a bencin gidan wanka na ƙirga abin da hannuwansu suka taɓa. Na rufe bakina. Na ɗauki cokali.

Kwana tara na yi a gefen takalma. Wanda bai taɓa cin tuwon dawa da cokali ba kada ya fara, ƙarfe kawai ake ji. Ina jin su suna gardamar farashin shanu da wanda ya fi wani iya sallar asuba a kan lokaci, in na sa baki sai a amsa mini da taushi, kamar yadda ake amsa wa majinyaci. Ba wanda ya ƙara ce mini ƙarya nake yi. Wannan ya fi komai ci mini rai. Mahauci yakan zaɓo tsoka mafi kyau ya sa a langata tun kafin in iso, ni kuwa in yi loma uku in rufe. Wandona ya fara zamewa.

Rana ta goma na hau a-daidaita na tafi Mabera gidan ɗiyata. Ta kama hannayena ta jujjuya, ta tambayi sabulun da nake amfani da shi. Na fiddo shi daga aljihu. Ta dube shi, ta dube ni, ta shiga ɗaki. Ina jiyo ta tana dariya a cikin filo, sannan ta fito da fuskar asibiti.

"Baba, wannan na wankin barguna ne. Ka daina. Kuma ni yaushe na ce ka daina gaisawa da mutane?"

"Ke kinka ce suna kan kowane hannu."

"Na ce in ka fito bayan gida, da kuma in za ka ci abinci, ka wanke hannu biyu da sabulu, da ruwan da ake zubawa ya wuce, ba wanda aka tara a ƙwarya ba. Shi ke nan fa."

"To marikin buta? In na wanke dama hagu ya ɓaci, in na wanke hagu dama ya ɓaci."

"Ka sa wani ya zuba maka."

"Shi kuma wa za ya zuba mishi?"

"Kai mana."

"Da hannun da na wanke in kama marikin da ya riƙe da nashi?"

Ta ce in wanke marikin ma da sabulu tun farko. Na ce da wane hannu. Ta ce, "Baba, don Allah," ta kawo mini abinci. Na lura ba ta amsa ba, kuma ina so a rubuta cewa ba ta amsa ba.

Amma wajen rakiya ta faɗi wadda ta zauna mini. Ta ce gudawa tana da magani a wurinsu, rashin cin abinci kuwa ba su da allurarsa, in je in gaya wa abokaina gaskiya.

Washegari da safe na tafi rumfar mahauci. Yana cikin fasa ƙirjin bijimi, hannunsa jini har gwiwa. Ya dunƙule hannu ya miƙo wuyansa, ni ma don sabo na miƙa nawa, muka haɗa wuyan hannu da wuyan hannu kamar raguna biyu masu shawara.

"Ka shafa man?" ya ce.

"Ba ni da ƙazwa."

"Ba a jin kunyar cuta, Malam."

"Ba ni da komi. Sabulu ne ya cinye mini hannu." Na ba shi labarin tun daga shuni har zuwa benci, har butar mai waya, har ranar da ya fito daga ɗaki na uku. Ban rage komai ba, don na ga in na rage zan sake rikicewa.

Ya ajiye wuƙa. Ya goge hannu a tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Wato hannuna kaka gudu."

"Ba naka kaɗai ba. Har nawa."

"Shekara nawa kana cin naman da hannun ga ya yanka?"

"Da yawa."

"Ranar da munka kai mai ɗakinka, wane hannu ya riƙe ka bakin kabari?"

Na dubi hannun da ya gama gogewa.

"Ni ba ƙazwa na zata ba," ya ce, yana kallon naman, ba ni ba. "Na zaci babbar ce, wadda ke cin yatsu. Kwana tara ban yi barcin kirki ba. Tela cewa ya yi a roƙe ka ka zauna gida har ka warke. Ni na ce a'a, a ware mishi kwano dai, mutumen ga in ya zauna gida shi ɗai ba ya cin komi."

Ashe ya sani. Ban san tun yaushe ba.

Ƙudaje suna ta harkarsu. Can ya ce, kamar ba da ni yake ba, shi ma cikinsa ya ɓaci sau biyu da damanar nan, tela ma haka, sun ɗora wa sabon gero laifi. Sannan ya ɗauki wuƙarsa.

"Tahi, ina da ciniki."

Na wuni a rumfa ban san matsayina ba. Wani Bafulatani ya zo sayen igiyar shanu na miƙa masa tabarma. Da magariba ta yi na yi ta jan ƙafa, har na yi tunanin in wuce gida, sai dai ƙafar ta san hanyarta.

Babu langa a gefen takalma. Babu ƙwarya kuma. A tsakiyar tabarma ga sabuwar buta, da roba mai faɗi, da sabulun wanka a kan murfin gwangwani. Su biyar suna zaune, irin zaman waɗanda suka gama shawara. Mahauci ya yi gyaran murya kamar alƙali.

"Jama'a, ɗan boko ya yi bincike. Ya gano hannuwanmu ba su da tsarki."

"Ban ce tsarki ba, na ce..."

"Ba a ba ka magana ba. Tunda shi ya gano, shi za ya gyara. Daga yau shi ka zuba muna ruwa, ɗaya bayan ɗaya, hannu biyu, da sabulu. Shi ne na ƙarshe."

Zuba ruwa aikin ƙarami ne, kowa ya sani. Ladan har ya fara murmushi, don shekara da shekaru shi ke ɗauko ƙwarya. Na ce ina da wata bakwai a kan mai hukuncin. Aka ce an soke su.

Na tsuguna da gwiwoyina masu ƙara na ɗauki buta. Tela ya miƙo hannu yana cewa in zuba a hankali, shi ba bargo ba ne. Ladan ya ce a ƙara masa ruwa, bincike bai kai bayan babban yatsansa ba. Mahauci ya murza sabulu ya daɗe yana murzawa, yana kallona, ya ɗaga hannayen sama ya juya su gaba da baya.

"Malamin lahiya, sun ci jarrabawa?"

"Sun ci."

"Aji nawa?"

"Huɗu."

Da na gama da su biyar na tsaya da buta a hannu, ban san yadda zan yi da kaina ba. Mahauci ya miƙo hannu ya karɓe ta. Da hannunsa na dama, wanda ya wanke yanzun nan, ya kama marikin da na riƙe da nawa wanda ban wanke ba. Na ga abin da idona. Bakina ya buɗe da kansa.

"Akwai magana, ɗan boko?"

"Babu."

"To miƙo hannu."

Ya zuba mini. Ruwan ya shiga tsagar fatata ya yi zafi, na daure.

Gidan wanka kuwa, daga baya na kai musu sabulu a cikin ragar soso, na ɗaure a jikin ƙarfe kusa da duro da igiyata mai kyau, ta ɗaure bijimi. Mai gidan ya yarda ya sa moɗa a duron, ya hana tsoma buta, in yana kallo. Wasu suna wanke hannu biyu, wasu hagu kaɗai, wani kuma na gan shi yana wanke hularsa da sabulun. Tambayar wanda ya taɓa sabulun kafin ni ta taso mini, na kai wa ɗiyata, ta ce sabulu yana wanke kansa. Ban gane ba, amma na karɓa, don na gaji. Cikina dai bai sake ɓaci ba zuwa yau, ko sabulun ne, ko damanar ce ta wuce, Allah ne masani. Zancen mariki kuma yana nan inda na bar shi.

A daren farkon nan na sabuwar buta, da aka buɗe kwanon gidan mahauci, tuwon shinkafa ne da miyar sure. Na zauna a wurina na da, tsakanin tela da shi. Na kai hannu a hankali na yanki loma daga gefena. Mahauci ya sa ɗan yatsansa, na hannun da ya riƙe marikin, ya tono wata tsoka daga tsakiyar miya, ya turo ta har gabana, ya bar yatsan a kanta yana jira.

Na dubi yatsan. Na dubi tsokar. Na ɗauka na ci, na kuma jawo kwanon kusa.